Ranar da Jirgin Yaya Ya Shiga Wayoyin Mutane

Yayata mai renon yara ce. Idan ka zo layinmu ka tambayi gidan mai reno, ba lalle a gane ba. Amma ka ce "mai jirgin ƙasa", ko wanda ya tare jiya zai nuna maka benen da ke bayan shagon masu faci, hawa na biyu, ƙofar da ƙananan takalma suka yi wa layi. Ita ce 'yar fari a ɗakinmu, ni ne auta, kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, a bayanta na girma. Ga shi har na fara furfura a gemu, amma in na shiga ɗakinta sai ta kama hannuna ta duba ko na yanke farce.

Ba da niyya ta shiga wannan sana'a ba. Ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya rasu ya bar mata ɗakuna biyu da wata tsohuwar fanka mai kuka kamar akuya. Ta yi shekaru tana shara a makarantar firamare har gwiwa ta fara yi mata gardama. Sai wata maƙwabciya mai aikin asibiti ta roƙe ta ta riƙe mata ɗa kafin ta sami mai aiki. Ba ta ƙara neman mai aikin ba, kuma ɗan yanzu motar haya yake ja. Daga shi sai ƙofa ta buɗe. Matan da ke fita aiki da sassafe suka dinga kawo nasu, wani a goye, wani yana tafe yana gyangyaɗi da burodi a hannu.

Yaya ba ta yarda yaro ya wuni a ɗaki ba. Ta ce yaron da bai sha iska ba shi ne ke cizon 'yan'uwansa. Don haka kullum in rana ta yi sanyi sai ta kwashe su zuwa wani ɗan fili da ke bayan gidan waya. Matsalar ita ce akwai babban titi a tsakani, ga ta da hannu biyu kacal kamar kowa. Sai ta yayyanka wani tsohon labule, ta kitsa shi ya zama doguwar igiya, ta ƙuƙƙulla shi wuri-wuri. Kowane yaro da ƙullinsa. Ita tana gaba, ta naɗe bakin igiyar a wuyan hannu, babbansu yana can ƙarshe a matsayin kwandasta. Doka ɗaya ce: duk wanda ya saki ƙullinsa, jirgi ya juya gida da kowa da kowa. Saboda haka ba ta ma buƙatar waiwaye, yaran ne ke tsare junansu, kuma ban taɓa ganin 'yan sanda masu tsanani irinsu ba. In an iso bakin titi sai ta ɗaga hannun hagu, manyan motoci su tsaya cak, jirgi ya wuce a tsanake.

Ni gyaran waya nake yi. Teburina yana gindin benen, don haka a gabana suke sauka, a gabana suke dawowa da ƙasa har cikin kunne.

Yaya ba ta kiran yaro da sunan da aka yanka masa rago. Kwana biyu za ta yi tana nazarinsa, sai ta raɗa masa nata. An yi Ciyaman, an yi Likita, an yi wani Ba-ni-ba-ne. A bara aka kawo mata wata yarinya da ba ta cika shekara huɗu ba, wadda ko ruwa ka miƙa mata sai ta tambaye ka dalili. Kafin yamma ta zama Lauya.

Maman Lauya guga take yi a wani otal. Da akwati ɗaya ta shigo unguwar, ba ta shiga sabgar kowa, gaisuwarta ma a taƙaice take. Ranar farko ta roƙi Yaya ta rufe ƙofa, sannan ta faɗi sharaɗinta: kada a ɗauki 'yarta hoto, ko a waya ko a me. Sun rabu da uban yarinyar ba ta daɗi ba. Ya taɓa zuwa ya ɗauke ta daga hannun wata maƙwabciya, ya ɓoye ta wata da watanni a wurin danginsa, sai da aka sha wuya kafin ta dawo. Ya kuma rantse cewa in ya sake ɗauka, uwar ba za ta ƙara sa ta a ido ba. Shi ya sa ta bar garinsu, ta bar aikinta, ta zo inda ba wanda ya san ta.

Yaya ta yi alkawari, ta kuma riƙe shi da gaske. In wata uwa ta zo da biskit tana so ta ɗauki ɗanta da abokansa, sai Yaya ta tura Lauya kicin ta nemo mata wani cokali da babu shi. Ni ma ta gaya mini, don ni ne mai waya a hannu kullum. Ita kuwa tata ƙarama ce mai madannai, ba abin da take yi da ita sai amsa kira da haska ƙarƙashin gado.

Wata rana da hantsi wani direba ya kawo mini waya gilashinta ya tarwatse. Ina gama sa sabo, ya karɓa yana gwadawa, sai ya kwashe da dariya.

"Kai, ba yayarka ba ce wannan? Ai kun zama manya!"

Na karɓa. Gaskiya a faɗe ta, hoton ya yi kyau. An yi ruwa an ɗauke, titi yana sheƙi. Ga Yaya a tsakiyar hanya, hannu a sama, wata ƙatuwar motar kaya ta tsaya a gabanta, ga yara a bayanta riƙe da igiya. A ƙasa mai hoton ya rubuta wasu kalmomi masu daɗi a kan iyayen da gari bai san da su ba. Mutane dubbai sun gani, suna ta sa albarka. Ni ma har na fara washe baki, sai idona ya sauka a tsakiyar igiyar. Duk yaran ƙeyar na gabansu suke kallo, ban da mutum ɗaya. Lauya ta juyo sosai tana kallon mai hoton, baki a buɗe, da alama tambayarsa take yi me yake yi. Ko makaho ya shafa zai gane ta.

Na bar direban a tsaye na haye bene. Yaya tana ba yaran shayi. Na ja ta gefe na nuna mata. Ta nemo tabarau, ta kai wayar kusa da hanci ta duba.

"Wa ya ba shi izini?"

"Yaya, ba sa neman izini. Haka suke yi, su tsaya a titi su ɗauki duk wanda ya burge su."

"Ni ban gan shi ba."

"Ai shi ya sa ya yi kyau."

Ta harare ni. Ta ce kada in kuskura in gaya wa uwar, mu fara zuwa mu karɓo hoton tukuna. Na ce mata ba a karɓowa. Ta ce, "Kai dai nemo min inda yake, Auta, ka bar min sauran."

Da yamma Maman Lauya ta zo ɗaukar 'yarta. Ina jin su daga matakala. Yaya da ta saba tsayar da iyaye da labarin abin da ɗansu ya ci da wanda ya ƙi ci, ranar nan miƙa jakar kawai ta yi tana kallon ƙasa.

Nemo shi bai yi wuya ba, don har lambarsa ya sa a shafinsa. A wani shagon buga alluna da katin biki yake aiki, hoto kuwa sha'awa ce. Washegari Yaya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta bar yara a hannun matar mai faci, muka hau mota. A hanya na yi ta ƙoƙarin fahimtar da ita yadda abin yake, tana ta gyaɗa kai, amma na san ba ji take ba. Ita a saninta hoto abu ne da mai shago ke ajiye asalinsa a durowa. A zamaninsu in mace ba ta son wani hotonta ya yi yawo, sai ta koma wurin mai hoton ta karɓi fim ɗin ta cinna masa ashana, magana ta ƙare.

Na tafi da shirin faɗa, sai na tarar da wani siririn saurayi mai sanyin murya, yatsunsa duk tawada. Yana ganin Yaya ya miƙe da murna ya ba ta kujerarsa. Ya ɗauka godiya muka zo.

"Ɗana, asalin hoton nan na zo ka ba ni," in ji Yaya. "Duk abin da ya kama, ka faɗa."

Ya dube ni, na kawar da kai. Ta gaya masa akwai yarinya a ciki da bai kamata a gan ta ba. Ba ta faɗi wacce ba, ba ta faɗi dalili ba. Murmushinsa ya tafi.

"Mama, wallahi don girmamawa na ɗauka. Na daɗe ina ganinku kuna tsallakawa. Kuma titi ne, na kowa ne, ba gidanki na leƙa ba."

"Da ka tsayar da ni ka tambaya."

"In na tambaya, fuska canzawa take yi. Kowa sai ya gyara tsayuwa, abin da na gani ya ɓace."

"To ai fuskarsu ce, ɗana."

Bai yi musu ba. Ya jawo kwamfuta ya cire hoton daga shafinsa a gabanta, ya ɗauko kyamarar ya goge, ya nuna mata babu. Yaya ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta fara sa masa albarka, har da addu'ar mace tagari. Ta miƙe tana gyara mayafi. Ni na rasa ta inda zan fara, sai shi ya faɗa.

"Mama, nawa kawai na goge."

"To na wa ya rage?"

Ya juyo mata da kwamfutar. Wani shafin labarai ya ɗauka, wani na barkwanci ya ɗauka ya rubuta nasa a kai, wata ƙungiyar mata ta ɗauka, ga waɗanda suka tura wa 'yan'uwansu ba adadi. Yaya ta koma ta zauna a hankali. Ta tambaye shi ko ya san gidajensu, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ko shi bai san su ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba a hoton yake ba, a ƙarƙashinsa yake. Mai hoton bai rubuta sunan unguwa ba, amma masu ƙaunar Yaya sun rubuta. Duk wanda ya taɓa riƙe igiyar nan ya fito yana bugun ƙirji. A mota na karanta mata wani: "Wannan Innarmu ce! Ita ta rene ni. Bayan shagon faci take, hawa na biyu, duk wanda ya je ya gaishe min da ita." Na nuna mata fuskar mai rubutun.

"Ciyaman ne," in ji ta. "Ɗan banza, shi da ya ƙarar min da tabarmi da fitsari." Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta, har matar da ke kusa da mu ta ce ta yi haƙuri, ba ta ma san me aka yi ba.

Da yammar nan ta gaya wa Maman Lauya. Ni na riƙe wayar. Matar ta karɓa, ta sa yatsu biyu ta buɗe fuskar 'yarta har ta cika gilashin. A bayan hannunta duk tabon dutsen guga ne.

"Ta yi kyau," ta ce a hankali. Sai kuma ta ɗago. "Tun yaushe kika sani, Inna?"

"Tun jiya."

"Jiya na zo nan. Kika miƙo min jaka."

Maman Lauya ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce ƙannen uban yarinyar mata ne da ba su da aiki sai latsa waya, in ɗaya ta gani, duk sun gani. Ta saɓi 'yarta a kafaɗa ta sauka, yarinyar tana ta ƙorafin ita da ƙafarta take so ta taka.

Ta ci gaba da kawo ta, don ba ta da inda za ta kai ta, kuma otal ba ya jiran kowa. Amma jirgi ya daina fita. Yaya ta sa aka ƙara wa ƙofa sakata, ta saki labule, yara suka koma wuni a ɗaki suna cizon juna kamar yadda ta sha faɗa. Ta rame a tsaye. Ko buta ce ta faɗi a bene na sama sai ta zabura ta nemi inda Lauya take. Ni kuwa na zama maigadin da ba wanda ya ɗauka. Duk namijin da ya rage tafiya a gaban benen sai na bi shi da ido har ya ɓace. Ban san kamannin uban ba, ko dogo ne ko gajere, saboda haka kowa shi ne. Aikina ma ya taɓu, na ƙone wayar wani malami da hannuna.

Ga kuma baƙi. Wata mata ta zo da kwalin biskit tana so ta ga "mai jirgi". Wasu samari suka zo suka kafa waya a bakin titi suna jiran a fito su ɗauki bidiyo. Na kore su da baƙar magana, suka ɗauke ni ni ma ina masifa. Wata rana wani mutum mai hula ya tsaya yana duba benen, ya duba wayarsa, ya sake duba benen, sannan ya fara hawa. Na ɗauki sukundireba na sa a aljihu na bi bayansa. Ya ƙwanƙwasa. Ciki ya yi tsit, har yaran.

"Wane ne?" in ji Yaya daga ciki.

"Baƙo ne, Mama. A waya na gan ki. Tagwaye gare ni, uwarsu ta koma aiki, shi ne na ce ko da wuri."

"Babu wuri."

"Ko a buɗe mu gaisa?"

"Na ce babu."

Ya juyo ya gan ni a bayansa ina huci, hannu a aljihu. Bawan Allah ya raɓa ta gefena ya sauka da sauri. Mai yiwuwa tagwayen gare shi da gaske. Yaya da ba ta taɓa mayar da yaro ba, ranar ta mayar da biyu ba tare da ta ga fuskar ubansu ba.

Mai hoton bai ɓace ba, wannan kam zan shaide shi. Ya dinga bin shafukan nan yana roƙon su cire. Wasu suka cire, wasu suka yi banza da shi. Ya zo teburina idanunsa sun faɗa, ya ce wani ya amsa masa da cewa titi na kowa ne. Ya yi wata dariya marar daɗi. Sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce akwai abin da ya kamata in gani. A ƙarƙashin hoton, a ɗaya daga cikin shafukan da suka ƙi cirewa, wani da shafinsa babu hoto babu cikakken suna ya rubuta: "Yarinyar nan da ta juyo, a wace unguwa suke?" Wani mai son taimako kuma ya ba shi amsa, har da motar da zai hau da inda zai sauka.

Zai iya zama kowa. Zai iya zama wata tsohuwa da yarinyar ta ba sha'awa. Na faɗa wa kaina haka, na faɗa wa Yaya haka. Ta ce wannan karon ba za ta kwana da magana ba, in kira uwar a wurin aiki yanzu-yanzu. Na kira, na karanta mata. Ina jin ƙarar injinan wanki a bayanta. Ta ce, "To," ta kashe.

Washegari da safe ta zo ba da kayan aiki ba. Motar haya tana jira a ƙasa, akwatin nan nata a kujerar baya. Ta hau ne kawai don ta karɓi kofin yarinyar da kayan canjinta. Lauya ta cire takalmi ta jera a layi kamar kullum, uwar ta sunkuya ta mayar mata.

"Inna, kada ki tambaye ni inda za mu."

"Ba zan tambaya ba."

"Ba don na ƙi ki ba ne."

"Na sani, 'yata. Allah Ya tsare."

Yaya ta durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo, ta gyara wa yarinyar maɓallin riga da tun farko a gyare yake. Lauya ta ce gobe ita ce kwandasta, an yi mata alkawari. Yaya ta ce ta ji. Suka sauka. Da rana na gwada lambar uwar, a kashe take, kuma ba ta ƙara shiga ba.

Ba wanda ya zo neman Lauya, iya saninmu. Wannan ne ke cin Yaya har yau. Ba ta san ko guduwar ce ta cece su ba, ko kuwa matar ta bar aikinta da ɗakinta a banza saboda tambayar wani da ya riga ya manta ya yi ta. Mutanen waya sun koma kan wani abu tuni. Jirgi ya dawo fita, amma ta lungun baya, ta wajen kwandunan shara, hanyar da ta fi nisa kuma ba mai sha'awar ɗauka.

Bayan an kwana biyu na hau na sami Yaya ita kaɗai, yara sun tafi, tana ninke tabarmi. Na lura duk yaran da ta rena akwai hoton kowa a gidan, iyaye sukan kawo mata ta liƙa a jikin kabad, ban da na mutum ɗaya. Na ce mata ina da hoton nan a wayata, na ajiye tun ranar farko, in tana so in wanke mata, ba wanda zai gani sai ita.

Ta sa tabarau ta karɓa. Na buɗe mata fuskar. Ta daɗe tana kallo, tana shafa gefen wayar da babban yatsa, har hasken ya mutu na sake kunna mata.

"Goge," in ji ta.

"Yaya, duniya duk tana da shi. Ke kaɗai za ki rasa?"

"Uwarta ba ta ba ni ba."

Na goge a gabanta. Ta ce in nuna mata wurin da yake a da. Na nuna mata, hoton wata fasasshiyar waya ya maye wurin, ta ci gaba da kallo.